Wankan Jego da Reshen Maƙwabci

Har yau Hajiya Batulu ba ta yafe wa ma'aikacin nan na filin jirgin Manchester ba. Da ya ɗauke kilishin ba ta ce uffan ba, don dama an gaya mata tun a Kano cewa nama ba ya wucewa. Amma da ya zura hannu cikin jaka ya zaro ƙunshin ganyen darbejiyar da ta tsinko da kanta a ƙofar gidanta na Gwammaja, ta naɗe shi a cikin ɗanyen zane don kada ya bushe, sai ta ji kamar an zare mata laka. Ta yi masa bayani da Hausa, ta ƙara da hannu, ta nuna ciki, ta nuna jariri. Mutumin ya yi ta murmushi yana ba ta haƙuri, yana kuma jefa ganyen a kwandon shara. Irin wannan ladabin shi ya fi ƙona mata rai.

Surukinta Maharazu ne ya zo tarbarta. Injiniya ne, a Manchester yake aiki, sai ƙarshen mako yake komawa gida Birmingham. Ya durƙusa ya gaishe ta a tsakiyar jama'a, Turawa na kewaye shi da akwatunansu, sannan ya ja mota yana kallon titi kamar an ce idan ya waiga zai makance. Ita kuma tana baya tana leƙen taga. Lokacin sanyi ne. Itatuwan ƙasar gaba ɗaya sun tuɓe, babu ganye ko na rantsuwa, sai rassa tsirara suna miƙa hannu sama.

Ta ce, "Wai Maharazu, gobara aka yi a ƙasar nan?"

Ya ce, "A'a Hajiya, winter ce. Haka suke yi duk shekara."

"Allah ya kyauta," in ji ta. A ranta kuwa cewa take, yau ina zan samu ganye?

Abin da ya kawo ta ƙwaya ɗaya ne: 'yarta Ruƙayya ta haihu, kuma ita take so ta yi mata wankan jego. Wanda bai san gidan ba zai ce ai ba wani abu ba ne, uwa ta yi wa 'yarta wanka. To, Ruƙayya 'yar fari ce, Hajiya Batulu kuwa tsohon hannu ce wajen alkunya. Ana yaye yarinyar aka kai ta Yakasai wurin kakarta Inna, can ta girma. Hajiya Batulu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "waccan", da ta zama likita kuma ta samu sauƙi ta koma cewa "Likita". Ba ta taɓa yi mata kitso ba, ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba. Ita ma Ruƙayya "Yaya" take ce mata, yadda ta tashi ta ji kawunnanta suna faɗa. Da Inna na raye, ita za ta hau jirgin nan. Inna ta rasu bara, wankan ya faɗo kan Hajiya Batulu, ta yi ta mita a gaban 'yan'uwa wai an ɗora mata wahala da tsufanta. Ƙarya take. Murna ce fal cikinta, don wannan ce kaɗai ƙofar da al'ada ta bar mata ta sa hannu a jikin 'yarta ba tare da wani ya ce ta yi rashin kunya ba. Idan kwanakin jego suka wuce, ƙofar ta rufe.

Gidan yana can ƙarshen Sparkhill, inda hayaniyar Stratford Road ke raguwa, da ɗan lambu a baya. Ta tarar da jaririya Jannat jajir da ita, ta tarar da mai jego tana yawo a tsakar ɗaki da wando kamar ba ita ta haihu ba. Ta kuma tarar babu aikin da aka rage mata. Inji ke wanki, inji ke wanke-wanke, akwai ma wani ɗan faifai da ke bin ƙasa yana shara shi kaɗai, yana tunkuɗar ƙafarta ba ko gafara.

Washegari ta kawo maganar, tana kallon bango kamar da shi take.

"A gaya wa Likita gobe za a fara wanka."

Ruƙayya ta yi dariya. "Yaya, wane wanka kuma? Ni fa shower nake yi kullum. Ruwan zafin nan da kuke yi, wallahi it's not safe, mata nawa na gani da ƙuna. Kunun kanwa ma ki manta da shi, yana tayar da blood pressure."

"Mu da aka yi mana ga mu da ranmu."

"Alhamdu lillahi. Ki huta kawai, Yaya. Hutawa kika zo yi."

Da za ta yi roƙo, da wataƙila an gama magana a nan. Amma ina aka taɓa jin uwa ta roƙi 'yar fari? Ta ce a ranta, bari dai a samu ganyen tukuna, idan yarinya ta ga ruwa a gabanta kunya za ta sa ta shiga.

Neman ganye ya zama aiki. Ta buga waya wa Raki, wata 'yar ƙawarta da ke karatu a Manchester, Raki ta zaga shagunan 'yan Afirka ta dawo da labarin ugu da shuwaka. Maharazu ya kai ta Stratford Road ranar Asabar, suka shiga shagon wani ɗan Pakistan. Mutumin ya gane darbejiya sarai, ya yi ta gyaɗa kai, ya ɗauko mata garinta a cikin 'yar leda. Hajiya Batulu ta juya ledar ta ce, "Tambaye shi, su a garinsu da kuka ake fyaɗa wa mai jego ruwa?" Maharazu ya juya ya ce wa mutumin sun gode ƙwarai.

Wata safiya ta fita lambun baya shan iska, ko da yake iskar ce ta sha ta. A nan ta ga itacen. Ya daɗe a wurin, ita ce ba ta ɗaga kai ba. Yana cikin lambun maƙwabci, dogo miƙaƙƙe ya zarce rufin gida, kore shar a tsakiyar ƙasar da kowane itace ya yi tsirara. Rassansa na ƙasa sun tsallako katangar katako sun leƙo gidan. Ta kamo ɗaya ta duba. Ganyen sirara ne gajeru, jere reras kamar haƙoran mataji, amma ba sa suka. Ta juya bayansa ta ga fari-fari kamar an ja masa layin azurfa. Ta murza ta shinshina, wani ƙamshi ya daki hancinta, tsakanin ƙaro da ɓawon lemo.

Ta ce, "Ikon Allah. Rashin farin wata tauraro ke haske."

A Kano idan kana son darbejiya ba ka sallama da kowa. Ka miƙa hannu ka karya, mai gida ma idan ya gan ka cewa zai yi Allah ya ba da lafiya. Ganye ai ba shi da mai shi. Don haka ko a mafarki Hajiya Batulu ba ta kawo cewa akwai wata magana ba. Ta ɗauko wuƙar kicin, ta yanko rassa masu kyau, ta ɗaure su da zare, ta tafasa a babbar tukunya. A jikinta ta fara gwadawa, don ba ta yarda da baƙon ganye a jikin mai jego ba. Ta fito tana ƙamshi, gwiwar da ke damunta ma ta rantse ta yi sauƙi.

Daga ranar ta kafa doka. Kullum da safe za ta yanko sabon reshe, ta tafasa, ta juye a bokiti, ta hau da shi bene tana nishi, ta dire a ƙofar banɗaki. Ba ta cewa komai. Ruƙayya za ta fito da tawul a kafaɗa, ta kalli bokitin, ta ce, "Yaya, sannu da aiki, gidan nan sai ƙamshi yake," ta raɓa shi ta shige. Sai a ji ruwan sama na banɗaki ya fara zuba. Hajiya Batulu ta zauna a matakala tana jijjiga Jannat har tururin bokitin ya mutu, ta sauko da shi ta zubar. Gobe kuma haka. Da rassan da hannu ke kaiwa suka ƙare, ta jawo kujerar lambu ta taka. Da na nan suka ƙare, ta samo sandar goge-goge tana janyo na sama. Kwanakin jego na tafiya, ranar komawarta na matsowa, kowace safiya kuma zubar da ruwan nan yana ƙara mata ciwo, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, ko da ɓarawon bai san sata yake ba. Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maharazu ya buɗe ya ga maƙwabcinsu, Malam Aliya, wani dogon tsoho mutumin Bosniya da suke haɗuwa a masallaci a ƙarshen mako. Yau babu fara'a a fuskarsa. Ya ce yana so ya ga itacensa ta ɓangarensu, don ta tagar bene ya hango wani abu da bai gane ba.

Suka zaga baya. Maharazu bai leƙa lambun ba tun shigowar sanyi. Ya ɗaga kai ya yi salati. Ta ɓangaren Malam Aliya itacen na nan da cikar gashinsa. Ta nasu ɓangaren kuwa an yi masa aski irin na wanzamin da aka kira sallah yana tsakiyar aiki. Ga kututtukan rassa suna zubar da ƙaro, ga kujera a jikin katanga, ga wuƙa a kai. Ga kuma Hajiya Batulu ta fito daga kicin da mayafi a kan rigar sanyi biyu, tana tambaya ko baƙo aka yi.

Malam Aliya ya dafa katanga. Ya yi magana mai tsawo da Turancinsa mai nauyi. Ya ce sunan itacen silver fir, a dazukan kan duwatsun ƙasarsu yake fitowa, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya. Yana ɗan tsiro a cikin gwangwani aka kawo masa shi, shekarun da yaƙi ya raba shi da garinsu. Hayaƙin birni ba ya yi wa irinsa daɗi, da lallashi ya raine shi har ya kai haka. Reshen ƙasa kuma idan aka yanke shi ya tafi ke nan, ba ya sake tohowa. Ya rufe da tambayar wane marar imani ne ya yi wannan aiki.

Hajiya Batulu ta ce, "Me yake cewa?"

Maharazu ya shiga tsaka mai wuya. Ga maƙwabci da gaskiyarsa, ga suruka da ko idonta ba ya iya kallo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, yana gaishe ki ne. Ya ce... itacen nasa ne."

"To wa ya ce nawa ne? Ka ce masa ganye na ɗiba, ba sa na yanka masa ba. Itacen da ba ya 'ya'yan ci, ba a miya da shi, ai gara da aka samu abin da zai yi wa bayin Allah amfani. Kuma wai ya sunansa?"

"Aliya."

"Namiji da gemu? To."

Maharazu ya juya ya gaya wa tsohon da Turanci cewa surukarsa ta yi matuƙar nadama, kuma ta ce ba ta taɓa ganin itace mai kyan wannan ba. Malam Aliya ya dubi fuskar Hajiya Batulu, bai ga alamar nadama ko ta anini ba. Ya ce shi dai a gaya masa abin da ake yi da rassan. Idan ado ake so irin wanda Turawa ke yi da itacen nan, ai Kirsimeti ta wuce, kuma a saninsa gidan Musulmi ne.

Ana cikin haka Ruƙayya ta sauko da jaririya a kafaɗa. Ta kalli itacen, ta kalli kujerar, ta dafe ƙirji.

"Yaya! A kan wannan kujerar kike hawa? Da sanyin nan? Idan kika faɗi fa? Ni na ɗauka a shago Maharazu yake sayo miki."

Hajiya Batulu ta kalli katanga ta ce, "A gaya wa Likita ban faɗi ba."

Dole Ruƙayya ta karɓi aikin tafinta, ita kuwa ba ta iya rufa-rufa irin ta mijinta ba. Ta ba Malam Aliya haƙuri, ta yi masa bayanin wankan jego: yadda ake tafasa ganye, a tsoma, a fyaɗa wa mace ruwan a jiki safe da yamma har ta yi arba'in. Ta gaya masa an ƙwace ganyen da mahaifiyarta ta taho da shi. Tsohon yana saurare, fuskarsa na saki a hankali. Ya ce su ma a can tsofaffinsu suna tafasa ganyen itacen nan su yi wa mai mura wanka. Sannan ya yi tambayar da ta ɓata komai. Ya ce to, ya ta ji wankan? Ya yi mata daɗi?

Ruƙayya ta gyara wa jaririya hula, ta ce a gaskiya ba ta taɓa shiga ba.

Malam Aliya ya kalli askin itacensa tun daga ƙasa har inda sandar goge-goge ta tsaya. Ya ce a maimaita masa, wataƙila kunnensa ne. Kullum tsohuwar nan tana hawa kujera, tana yanka, tana tafasawa, tana kai wa bene, sannan a zubar? Ruƙayya ta ce haka ne. Ya ce wato an aske masa itace a banza ke nan.

Ya juya ya fita ba sallama. Maharazu ya fara lissafin lauya da hukumar unguwa a zuciyarsa, har gumi ya tsattsafo masa cikin sanyin nan. Can sai suka ji ƙarar zarto ta bayan katanga. Jim kaɗan tsohon ya dawo riƙe da reshe guda, lafiyayye mai yawan ganye, an yanke shi sumul daga inda ba zai nuna ba. Ya miƙa wa Hajiya Batulu da hannu biyu. Sannan ya nuna Ruƙayya da yatsa ya yi magana a taƙaice.

Hajiya Batulu ta ce, "Me kuma ya ce?"

A karon farko Maharazu ya fassara daidai, har da ɗan murmushi a gefen baki. "Ya ce wannan shi ne na ƙarshe. Ya ce ba ya son diyya, ba zai kai ƙara ba. Amma idan aka zubar da ruwan wannan reshen ba a yi wanka da shi ba, bai yafe sauran ba har gaban Allah."

Hajiya Batulu ta karɓi reshen ta ce, "Ka ce masa ashe yana da hankali."

Ruƙayya likita ce, tana da amsar kowace magana ta asibiti, amma haƙƙin maƙwabci ba a asibiti ake karanta shi ba. Ta ce ta yarda, da sharaɗi: ita za ta auna zafin ruwan. Ta ɗauko ɗan ma'aunin da ake gwada ruwan wankan jariri, mai siffar agwagwa, ta jefa a bokiti. Aka yi ta sirki. Agwagwa ta ce da saura, Hajiya Batulu ta ce wannan ai ruwan alwala ne. Aka ƙara na sanyi, ta ce yanzu kam ko kaza ba za a fige da shi ba. A ƙarshe agwagwa ta yi nasara, Hajiya Batulu ta ce ba komai, da babu gara ba daɗi.

Suka rufe ƙofar banɗaki. Ruƙayya ta zauna a 'yar kujerar roba a cikin baho, da ɗaurin ƙirji, ta juya baya. Hajiya Batulu ta tsoma reshen, ta ɗaga yadda ta saba yi wa matan unguwa da yawa. Ta yi bisimilla ta fyaɗa. Tururi ya tashi da ƙamshin dajin da ba ta taɓa gani ba. Ta sake tsomawa ta fyaɗa a kafaɗa, a gadon baya, a kwiɓi. Ruƙayya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, wuyanta ya saki.

"Ba laifi fa," in ji ta ƙasa-ƙasa.

Hajiya Batulu ta ajiye reshen ta sa tafin hannu tana danna bayan a hankali, daga wuya zuwa ƙasa, yadda ake yi. Rabonta da taɓa bayan nan tun ana goyo. Tana jin ƙasusuwan, tana jin inda gajiya ta taru, wani tausayi ya cika mata ƙirji. A ƙarƙashin allon kafaɗa yatsunta suka tsaya a kan wani tsohon tabo.

Ruƙayya ta ce, "Wannan ba ki san shi ba. Ina firamare na faɗo daga katangar gidan Inna, bakin kwano ya yanke ni. Sai da aka yi ɗinki. Na yi ihu ran nan, Inna ta rungume kaina, wata nas ta riƙe min ƙafafu tana murza min tafin ƙafa har aka gama. Ban ga fuskarta ba, amma har yau idan zan yi wa yaro ɗinki sai na tuna da matar nan."

Hajiya Batulu ta ɗauki reshen ta tsoma a ruwa.

Ta ce, "Ba nas ba ce. Nas ɗin tana riƙe da fitila, an ɗauke wuta."

Ruƙayya ta fara juyowa.

"Juya min baya, ruwa na hucewa."

Ta juya. Amma ta miƙo hannu ta bayan kafaɗa, ta lalubo wuyan hannun mahaifiyarta ta riƙe gam, kafaɗunta na girgiza. A ƙa'ida, Hajiya Batulu ya kamata ta zame hannunta ta ce mene ne haka. Ta kalli ƙofa, a rufe take. Ta bar hannun a inda yake, ta ci gaba da fyaɗa ruwan da hagu.